Ramin Einar

"Tura ƙofar nan," in ji Einar. "Wayarka kuma ka bar ta a falo. Ban yarda da kai ba."

Na kai wayar falo, na dawo na zauna a bakin gadonsa. Robar iska na maƙale a hancinsa, ƙafafunsa sun kumbura, amma idon nan nasa na rowa yana nan yadda na san shi. Shekara ashirin da biyu muna maƙwabtaka a Homer, garin masunta a bakin teku, ƙananan jiragenmu na fatsa ɗaure gefe da gefe a tasha. Kifin samon kowa na samu, sai mai rashin sa'a. Amma manyan kifayen halibat irin na Einar, masu faɗin ƙyauren ƙofa, daga rami ɗaya suke fitowa a ƙasan teku, kuma shi kaɗai ya san ramin. Babu dabarar da ban yi ba. Na taɓa bin sa a baya, ya yi ta yawo da ni har mai ya kusa ƙare mini, sannan ya ɗago mini kofinsa ya wuce.

Yanzu likita ta ce kwanaki suka rage. Shi kuwa tuni ya rubuta cewa in an ƙona gawarsa, a zuba tokar a raminsa. Sai da matarsa Lorna ta ce, "To wa zai kai ka, tunda ka hana kowa sani?" sannan ya aika a kira ni.

"Ba don ina son ka ba ne," ya ce. "Jirginka ne ba ya yoyo."

"Na gode, tsoho. Ba ni lambobin wurin in sa a na'ura."

"Na'ura bakinta ba sakata. Buɗe kunnenka." Ya ja numfashi da ƙyar. "Ka saita jan rufin gidan nan na kan tsibiri da tsagar dutsen bayansa. Ka bi wannan layi har busasshiyar bishiyar bakin gaɓa ta rufe farin dutse. Zurfi gaba talatin da biyu. Kuma sai ruwa ya tsaya, ba ya cika ba ya janyewa. Ba na son ya kwashe ni ya kai wa 'yan yawon buɗe ido."

Ya sa na ɗauko dalmarsa a ƙarƙashin gado. Dunƙulalliyar dalmar auna zurfi ce mai rami a gindi, irin ta mutanen da, a cusa mata kitse a sake ta da igiya, in ta taɓa ƙasa ta ɗauko abin da ke can. Ya ce in je in gwada, in dawo in gaya masa abin da ya manne.

Jan rufi na nan, tsagar dutse na nan. Bishiya ce babu. Iskar bara ta kayar da ita, Einar kuwa rabonsa da teku shekara biyu. Layi ɗaya ba ya ba ka wuri, sai ya haɗu da na biyu. Kwana uku ina kai da kawo a kan layin nan, gaba talatin da biyu ta miƙe kusan mil guda, duk inda na saki dalma baƙar laka take ɗaukowa. Abinci ya daina shiga. In ina teku hankalina na gidansa, in na dawo ina leƙen tagarsa hankalina na teku.

Rana ta uku na shiga wurinsa da ƙarfin hali na ce, "Na samu."

"Me ya manne?"

"Yashi."

Ya daɗe yana kallona. "Ko ƙarya ba ka iya ba, Hollis. Wane irin mai kamun kifi ne kai?"

"Bishiyar ta faɗi, Einar. Gaya mini abin da ke ƙasan wurin, in neme shi da dalma."

Tari ya sarƙe shi, Lorna ta leƙo, ya kore ta da hannu. Da ya lafa sai ya ce, "Komai rana ɗaya? Ka dawo gobe."

Da hantsi washegari Lorna ta tsallako gidana, tawul ɗin kicin na hannunta. Ina ganin fuskarta na san Einar ya rasu. Na yi baƙin ciki, amma gaskiya haushi ya fi yawa. Mutum ya ɗora maka amana, sannan ya tafi da rabinta a bakinsa.

Bayan kwana goma muka fita, ni da ita, akwatin tokar a kan cinyarta. Teku na sa ta amai, shi ya sa tun suna sabon aure ba ta sake shiga jirginsa ba. Ta zauna ta ƙanƙame akwatin, fuskarta ta yi fari fat.

Tsayuwar ruwa ba ta wuce minti ashirin. Na saita rufi da tsaga, na saki dalma, na jawo. Laka. Na goge, na cusa sabon kitse, na matsa gaba. Laka. Kafaɗuna suka fara zafi, igiya ta yanke mini yatsa. A karo na huɗu zuciyata ta ce, kai, ce mata nan ne, wa zai ƙaryata ka? Ruwa dai ruwa ne.

"Mun zo?" ta tambaya.

"Saura kaɗan."

"Kada ka yi mini irin wadda ka yi masa. Ina bakin ƙofa, na ji."

A karo na shida igiya ta fara ɗan karkata, alamar ruwa ya kusa motsawa. Na jawo da sauri. Wannan karon ba laka ba ce, wasu fararen ɓaraguzan katantanwa ne suka lafe a kitsen. Ban san ko su ake nema ba. Na ɗauko wuƙa zan kankare.

"Tsaya," in ji Lorna. "Miƙo nan."

Ta lakato kitsen da yatsa, ta murza shi a tafin hannunta. Sai ta fashe da dariya.

"Shekara arba'in ina zazzage wannan daga aljihunsa. Injin wanki biyu ya kashe mini. Kafin ya shigo tasha yake kankarewa ya tura a aljihu."

"Don me?"

"Don kada irinka su gani mana."

Na kashe inji. Ta durƙusa a gefen jirgin, ta buɗe akwatin, ta karkata shi dab da ruwa. Tokar ta ɗan tsaya a sama, sannan ta yi ƙasa a miƙe, ba ta bi gabas ba, ba ta bi yamma ba. Muka kalle ta har ta ɓace mana.

Lorna ta koma ta zauna. Ta dubi kitsen da ke hannunta, ta dunƙule shi, ta saka a aljihun rigarta.