Fili Mai Jan Turke

Gonar Malam Nata'ala ta bakin gari ba ta kai kadada ɗaya ba. Babbar gonarsa tana yamma da Tafoki, bayan rafi, amma shekara uku ke nan bai taka ta ba. Waɗanda suka gwada zuwa wajen, wasu sun dawo da ƙafarsu, wasu sai da aka karɓo su a hannun 'yan bindiga. Saboda haka abincin mutum tara daga wannan 'yar gona yake fitowa. A cikinta kuma, ta gefen gangare, aka yanki filaye huɗu na gwaji, kowanne taku goma tsawo, goma faɗi, aka kafa musu turaku masu fenti.

Masu gwajin daga wata cibiyar binciken noma suke, shugabarsu Dakta Shafa'atu. Maganin wuta-wuta suke nema, ciyawar da ke maƙale wa saiwar masara ta tsotse ta tun kafin ta leƙo sama. Fili mai farin turke an shuka masa sabon iri da ake zaton yana jure mata. Mai shuɗi bara waken soya ya ɗauka, bana masara. Mai rawaya an ba shi taki. Na huɗu, mai jan turke, masarar gida ce zalla, ba a sa mata komai ba, kuma da shi ake auna sauran ukun. Sharaɗi ɗaya ne: a nome kowace ciyawa, amma kada a taɓa wuta-wuta sai masu gwaji sun zo sun ƙidaya ta.

A gaban dagaci da ƙungiyar manoma Malam Nata'ala ya ce ya ɗauka, har a gama. Dakta kuma ta ce in sakamakon shekara biyu ya cika, Tafoki za a fara ba sabon irin.

Bara komai ya tafi daidai. Ma'aikacin cibiyar ya zo wuta-wuta na fara fure, ya ƙidaya, aka tuge, aka ƙone kafin la'asar. Bana aka tare hanya sau biyu cikin mako ɗaya, cibiya ta hana motarta wuce Funtuwa. Satumba ta shiga, filin jan turke ya koma ja-ja da fure, masarar ciki ko ƙugu ba ta kai ba.

Baba Mani, dattijon da gonarsa ke ƙasan gangaren, ya tsaya a kan iyaka da safe, hauya a kafaɗa.

"Malam Nata'ala, sannu da kiwo."

"Kiwon mi, Baba?"

"Kowa na noman hatsi, kai kana kiwon wuta-wuta. Fure ya yi kyau, wallahi. Biki za a yi?"

"Kwana kaɗan ya rage, Baba. Suna tahe."

"Tun sati biyu suke tahe. Ruwa ɗaya mai ƙarfi, duk irin wanga abu a gonata zai kwana. Ni na tsufa, ɗiyana za su gaje shi."

Malam Nata'ala bai musa ba. Dakta da bakinta ta gaya musu cewa tushe ɗaya na zubar da iri dubbai, kuma irin na iya kwantawa cikin ƙasa fiye da shekara goma yana jiran saiwar da zai kama.

Waya ba ta shiga a Tafoki sai a kan tudun bayan makarantar firamare. Malam Nata'ala ya hau, ya kira Dakta.

"Baba, don Allah kwana bakwai," in ji Dakta Shafa'atu. "Mun rubuta neman izini, muna jiran amsa. In aka cire ba a ƙidaya ba, aikin shekara biyu ya tafi a banza."

"Dakta, furen ya fara zuba."

"Na sani, Baba. Kwana bakwai."

A gida matarsa Adama tana tankaɗe gari ta saurare shi har ya gama.

"Malam, ita Dakta a gidan nan za ta ci tuwo baɗi?"

"Amana ce, Adama. Gaban jama'a na ɗauka."

"To, gonar ba amana ba ce? Wadda za ka iya zuwa ke nan guda ɗaya."

In ya tuge, ya karya magana, kuma mutanen gari sun rasa irin da suke jira saboda shi. In ya bari, ya shuka wa kansa da maƙwabcinsa annobar shekara goma. Wata gonar da zai koma babu.

Kwana bakwai suka cika ranar Laraba. Izini bai fito ba. Da yamma Baba Mani ya same shi a gona, bai yi wasa ba wannan karon. Ya tsinko wani ƙwanso da ya fara yin ruwan ƙasa a gindin fure, ya murza shi a tafin hannu, ya miƙa masa. Irin ya fito kamar garin taba.

"Jibi bayan Juma'a zan kira gayya," in ji shi. "Mutum goma sha biyar. Ba zan tambaye ka ba, kuma ba wanda zai tsaya ƙidaya."

Washegari da hantsi Malam Nata'ala ya shiga filayen shi kaɗai da bawon rama a aljihu. Ya ga yadda ma'aikacin ya yi bara, kuma ƙidaya ba baƙon abu ba ne ga manomi. Yana tuge tushe ɗaya-ɗaya, in sun cika goma ya ɗaure, in dami ya kai goma ya jefa tsakuwa cikin hula. Bai bar ko ɗaya ba, daga turke zuwa turke, har waɗanda ke ɓoye a kunyar gefe. Farin turke ya ba da arba'in da ɗaya. Shuɗi ɗari da shida. Rawaya ɗari da tamanin. Jan turke ya cinye masa wuni, dubu ɗaya da ɗari biyu da sha huɗu, kuma duk damin da ya ɗaga, wani gari mai laushi na zubo masa a hannu. Ya tara su a kan dutse, ya rufa kara, ya kunna wuta. Adama, da ta yi firamare, ta rubuta alƙaluman a bayan kalanda.

Ranar Juma'a da safe ya hau tudu ya karanta wa Dakta. Ta rubuta, sannan ta yi masa godiya mai tsawo.

"Baba, kunya biyu na gefe, kun ware su?"

"Wane gefe?"

"Ta farko da ta ƙarshe a kowane fili. Ba a lissafa su, na tsakiya kaɗai muke ɗauka. Haka aka yi bara."

Ya tuna ma'aikacin ya fara daga kunya ta biyu. A lokacin ya ɗauka lalaci ne irin na 'yan birni, har ya bi bayansa ya tuge abin da ya bari.

"Duka na haɗa, Dakta. Manomi ba ya barin gefe."

"Damman suna nan?"

"Na ƙone."

Ta ce laifinsu ne da ba su koya masa ba. Ta ce alƙaluman sun nuna sabon irin na aiki, ita kanta ta gamsu, amma ba za su zauna kusa da na bara a takarda ɗaya ba, kuma da shekara ɗaya ba a sakin iri.

"Sai mun maimaita baɗi, Baba. Filayen nan dai, kada a motsa turakun. Jan ma a bar shi yadda yake."

Daga kan tudun yana hango gonar, da baƙin tabon toka a kan dutse, da Baba Mani a ƙasan gangare yana tare hanyar ruwa da kunya. Ta gabas kuma hadari na haɗuwa. Ya duba tafin hannunsa, garin nan na maƙale a cikin zanen fata, wanki biyu bai fitar da shi ba.

"Baba, kuna ji na?"

"Ina ji, Dakta."

"Za ku iya?"

Ya ce ai ya riga ya faɗa gaban dagaci, har a gama. Ya sa wayar a aljihu, ya sauko, ya nufi gona. Jan turken ya karkace wajen tuge-tugen jiya. Ya ɗauki dutse ya buga shi ya miƙe, sannan ya gangara wajen Baba Mani don ya gaya masa baɗi ma sai an maimaita.