Kofunan Nas Siniva

Wanda ya fara gina mana rumfar taro ba bango bai taɓa riƙe kofin fitsari a gaban surukarsa ba. Ginshiƙai ne kawai da rufi, iska ta shiga ta fita, gulma ma haka. A nan matan ƙauyenmu na ƙasar Samoa ke saƙar tabarma duk Talata, a nan kuma Nas Siniva ke baje kayanta in ta zo daga asibiti.

Ni Fuatino, shekarata goma sha huɗu da aure, ko ɓari ban taɓa yi ba. Iya Fa'asega, shugabar ƙungiyar mata, ta murza mini ciki da man kwakwa har na fi soyayyen kifi sheƙi, wai mahaifar ce ta goce. Na mayar da abin wasa, ina cewa ni uwar kowa ce. Amma duk Oktoba, in na zauna ɗinka wa 'ya'yan mutane fararen kayan bikin Lahadin Yara na coci, sai wasan ya ƙare mini.

Ƙanwata Tolotea kuwa shekara biyu kawai ta yi da aure ba ciki, har ta fara ramewa. Tsoronta ɗaya, kada ta zama ni.

Wata Talata Nas Siniva ta jera ƙananan kofuna a tabarma.

"Akwai wani ciwon sanyi, kilamidiya," in ji ta. "Ya yi yawa a matanmu na Samoa. Sau da yawa ba zafi, ba ƙaiƙayi, amma in ya daɗe yana iya toshe hanyar ƙwai. Fitsari kaɗan nake so. Wa za ta fara?"

Nan take kowa ya zama gwanin saƙa, ba mai ɗaga kai.

Tolotea ta mintsine ni. "Yaya, ina so. Amma ga surukata can ta zuba mini ido."

Sai na miƙe na kaɗe zani. "Nas, ba ni guda! Ni da ba abin da ya rage a cikina sai man kwakwa. Iya, ke ma taso, ko akwai abin da kike ɓoye wa fasto?"

"Ja'ira!" in ji Iya Fa'asega. "Shekara saba'in? Miƙo nan, in cika miki biyu."

Rumfa ta ɗauki shewa. Mata suka yi layi zuwa bayan gida, kowacce da kofinta, Tolotea ta shige tsakiya ba wanda ya lura. Ranar na koma gida ina ji da kaina.

Bayan mako biyu Nas ta riƙa kiranmu ɗaya-ɗaya ƙarƙashin mangwaro. Tolotea ta dawo da ƙunshin magani biyu, nata da na mijinta, idonta ya yi ja.

"Ta ce mai yiwuwa an tare shi da wuri," ta raɗa mini.

Da layi ya zo kaina, na je ina dariya. "Nas, ai ni rakiya na yi."

Ba ta yi dariya ba. Ta miƙo mini ƙunshi biyu.

Mijina Uelese yana kankare gwaza na ajiye masa nasa.

"Ni lafiyata ƙalau," in ji shi.

"Ni ma haka na ce shekara goma sha huɗu. Nas ta ce ba a san wa ya fara ba, ba a san tun yaushe ba. Ban tambaye ka ba, kada ka tambaye ni. Haɗiye."

Ya haɗiye, da ruwan kwakwa.

Daga baya na hau bas zuwa Apia, babban birni, aka yi mini hoto. Likita ta ce ciwon ya tafi, amma hanyoyin ƙwan biyu sun riga sun toshe. Na tuna ƙwayoyin da na sha, ko tafin hannuna ba su cika ba. Na yi kuka a bas, da 'yar jikar wata mata zaune a cinyata.

Har yau in Nas ta zo ni ke fara ɗaukar kofi, ina tsokanar masu noƙewa. Bana kuma Tolotea ta kawo mini yadi fari, ɗan guntu, na 'yarta mai wata biyar. Riga ce da ba ta wuce aikin awa guda ba. Wuni na yi a kanta, don hawaye sun hana ni ganin kafar allura.