Ba A Taɓa Mai Iyo

Yayana Wendell taurin kai gare shi kamar mutanen farko. Mutum ya haura sittin, likita ya ce zuciyarsa ta fara gajiya, amma wai sai ya yi iyo daga bakin tekun garinmu da ke jihar Maine har tsibirin da fitilar jiragen ruwa take. Ni Lorna aka ɗora wa rakiya a ƙaramin kwalekwale, don ni ce ban iya ce masa a'a ba.

Masu irin wannan iyon dokarsu ɗaya ce: in ka taɓa kwalekwale, ko wani ya taɓa ka, iyonka ya ɓaci. Ko shayi sai dai a ɗaure gora da igiya a jefa maka. Bara saura ƙiris ya isa, matarsa ta tsorata ta cafko hannunsa. Har yau gaisuwa ce kawai tsakaninsu.

Da safen, yana shafa kitse a wuya, ya ce, "Ke Auta, ko kin ga ina shan ruwa, kada ki kuskura ki taɓa ni."

"In ka mutu fa, Yaya?"

"Sai ki jawo gawar. Gawa ba ruwanta da doka."

Na ja tsaki. Ni dai bai ba ni dariya ba.

Da farko lafiya lau. Duk ɗagowar da zai yi sai ya zagi sanyi, ya ce tuƙina kamar na mai jin barci. Hankalina kwance, don muddin mai iyo yana ƙorafin sanyi to yana cikin hayyacinsa. Wanda ya ce ya ji ɗumi, shi ake ji wa tsoro, don alama ce sanyi ya fara taɓa masa hankali.

Mun wuce rabi hazo ya sauko. Tsibirin ya ɓace, gaɓar da muka baro ma haka. Jirgin tsoho Alcide, masuncin da ke bin mu daga nesa saboda ko-ta-kwana, na daina jin injinsa. Na kira shi a rediyo, ba amsa.

Sai Wendell ya tsaya. Leɓɓansa sun yi shuɗi, yana ta murmushi.

"Ruwan ya yi ɗumi," in ji shi. "Kamar na wanka."

Na ce, "Yaya, faɗa min sunana."

Ya daɗe yana kallona.

"Sannu, baiwar Allah. Ta ina ake zuwa gida?"

Na ce a raina, ya ƙullace ni har abada, in dai yana raye. Na matsa, na kwanta a gefen kwalekwalen, na miƙa hannu zan kama kafaɗarsa.

Ya goce.

"A'a," ya ce, da murya irin ta ƙaramin yaro. "Ba a taɓawa."

Mutumin da ya manta ƙanwarsa, wai bai manta doka ba. Na sake matsawa, ya ja baya. Na yi lallashi, na yi zagi, na yi masa ƙarya cewa mun iso, ya taka ƙasa. Ko a jikinsa. Da filafilina ya taɓa ruwa sai Yaya ya ƙara gaba, kuma gaban nan ba tsibiri ba ne, tsakiyar teku ce. A lokacin na gane ni nake kora shi.

Na ɗaga filafilin na ɗora a cinya, na yi shiru ko zai dawo da kansa. Hularsa ja ta shige cikin hazo. Ina jin bugun hannunsa a kan ruwa, a hankali, a hankali, kuma ba wajena yake yowa ba.