Tankin Bayan Ɗakin Wanki

Masu kamfanin suna da wata doguwar kalmar Turanci da suke kiran aikin da ita, an ma rubuta ta a ƙofar sashen, ta cinye faɗin katakon har sai da mai fenti ya lanƙwasa wutsiyarta ƙasa. Ma'aikata ba su taɓa wahalar da harshensu a kanta ba. Ɗakin wanki suke cewa, domin a nan ake ɗumama giya a hankali cikin doguwar tukunyar ƙarfe, abin da ke bugarwa ya tashi ya bi bututu, ragowar kuma a ɗura ta a kwalba, a sayar wa mutanen kirki masu son ɗanɗanon laifi ba tare da zunubinsa ba.

Abin da ya bi bututun yana taruwa ne a wani tanki a bayan ginin, kuma kula da tankin shi ne aikin wani da ake kira Tubabbe. Da guminsa ya samu sunan: ya sha abin nan shekara da shekaru, har ya shanye aikinsa na farko, ya kusa shanye aurensa. Maiɗakinsa ta dawo daga gidan iyayenta riƙe da hannun 'yarsu, da sharaɗi guda da ta faɗa ba tare da ɗaga murya ba: ranar da tsohon mijinta, wato shi na zamanin shaye-shaye, ya sake shigowa gidan, ita da yarinyar za su fita, kuma babu biko. Surukinsa ne ya nemo masa wannan aikin, bisa wani tunani nasa cewa babu mai gadin abu kamar wanda abin ya taɓa kayarwa.

Ranar da ya fara, helman sashen, wani dattijo mai kunne ɗaya a toshe, ya koya masa dokoki biyu da kamfani bai san da su ba. Ta farko, a ƙwanƙwasa tankin kafin a buɗe famfonsa, kamar mai sallama a gidan mutane. Ta biyu, duk abin da ya ji daga ciki, kada ya amsa. Tubabbe ya yi murmushin ladabi. Helma ya ce ya yi murmushinsa, amma ya sani wannan kunnen da ya mutu shi ne ya kai shi furfura a bakin aiki. Waƙar da aka cire wa kwalba, da rigimar, da kukan, ai dole su samu wurin zama.

Injiniyan kamfanin dai ya ce abin da ake ji ƙarfe ne ke miƙewa idan rana ta yi zafi. Tubabbe ya yarda da shi har tsakar ranar farko da aka kashe inji. Sai ya ji hayaniya can ƙasa ƙasa, irin ta ɗaki cike da mutane idan an rufe ƙofa: wani yana shewa, wani yana rantsuwa da kabarin uwarsa, wani yana roƙon a yafe masa. Ya kama bakinsa. A hankali ya saba, kamar yadda ake sabawa da maƙwabta marasa tarbiyya.

A gida kuwa ya zama abin misali. Maiɗakinsa tana yabonsa a gaban maƙwabta yadda ake yabon kabad mai ƙwari. Idan ya shigo, yarinyar takan gaishe shi da kyau, ta rage murya, ta koma kan littafinta. Zaman lafiya ya cika gidan har babu wurin ajiye dariya.

Wata ranar aiki direban motar da ke kwashe abin tankin ya zo yana sauri, yana danna hon, yana cewa ba a nan zai kwana ba. Tubabbe ya ruga ya murɗa famfon bai ƙwanƙwasa ba. Nan take hayaniyar ta ɗauke, irin shirun da ake yi idan baƙo ya faɗo ɗaki. Sannan murya ɗaya ta taso, a dishe, cike da fara'a. Ya gane ta kafin ta gama kalmar farko, domin tasa ce, ta wancan zamanin.

"Ina gimbiyata? Har yanzu tana rufe baki da hannu idan za ta yi dariya?"

"Ta daina dariyar," in ji Tubabbe.

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Direba ya cika motarsa ya tafi. Lokacin tashi, helma ya tsaya a bakin ƙofa ya daɗe yana kallon Tubabbe, sannan ya tambaye shi ko ya amsa. Tubabbe ya daki kafaɗarsa, ya kira shi tsohon banza cikin ƙauna, abin da bai taɓa yi ba. Dattijon ya matsa gefe ya ba shi hanya.

Tun daga bakin layin gidansu Tubabbe ya fara fito. Yarinyar ta leƙo, ta tsaya, sai ta sheƙo da gudu. Ya ɗaga ta sama yana juyi da ita, tana ƙyalƙyala dariya har da shaƙewa. Maiɗakinsa tana tsaye a ƙofa tana kallo. Tafiyarsa a miƙe take, idonsa fari tas, numfashinsa babu warin komai. Ta kawo masa abinci, ta bari ya ci ya wanke hannu, sannan ta ce wa yarinyar ta ɗauko jakar makarantarta da takalmanta.

Ya rantse mata ko ɗigo bai taɓa harshensa ba, ya ce ta je ta tambayi helma, ta tambayi duk wanda ta ga dama.

"Na sani, baban yarinya," ta ce tana ɗaura gyale. "Ban ce ka sha ba. Cewa na yi tsohon mijina ne ya dawo."

Ya bi su har ƙofa, ya buɗe baki zai roƙe ta. Abin da ya fito dariya ce, mai ƙarfi, mai daɗi, ta mutum da ke cikin abokansa, kuma duk yadda ya danne ƙirjinsa da hannu biyu ta ƙi tsayawa. Yarinyar tana ta waiwayensa har suka sha kwana.