Kwatar da ke Ƙarƙashin Rumfar Mai Walda

Mai walda ya kashe inji, ya ɗaga gilashin fuskarsa. Autarsa ce durƙushe a bakin rumfa, ta saita waya daidai inda kwata ta shige ƙarƙashin simintin da ya malala bara don faɗaɗa wurin aikinsa. Bututun da ya binne a ciki bai kai kaurin cinyarsa ba, ya kuma sani.

"Me kike ɗauka?"

"Aikin taswira ne, Baba. Mu matasan unguwa muna bin kwatoci, inda ya toshe mu sa jan ɗigo, inda ruwa ke wucewa mu sa kore. Kowa na iya buɗewa ya gani. Da ita masu yasar kwata za su yi aiki kafin damina."

"Su yashe, ko su rushe?"

Ta sunkuyar da kai.

"Sa kore."

"Baba, in ruwa ya rasa hanya gidan Tela zai koma."

"Rumfar nan ce ta kai ki makaranta har kika iya latse-latsen nan. Sa kore, na ce."

Ta sa. Ya mayar da gilashinsa.

*

Masu yasa suka zo da shebur da baro, suka bi jajayen ɗigo lungu-lungu. Layinsa kore ne, suka wuce.

Da damina ta kama, wata rana ruwa ya sauko da la'asar, kamar da bakin ƙwarya. Mai walda na tsaye a kan simintinsa, ƙafarsa a bushe, yana kallon kwata ta cika ta tumbatsa, ta juya ta nufi katangar maƙwabcinsa Tela. Bai ji faɗuwar katangar ba. Ihun Tela ya ji: "Inna! Inna tana ciki!"

Shi ya fara isa. Shi ya ɗaga bulon da ya danne ƙafar tsohuwar, shi ya goya ta har bakin titi. Ba nauyi gare ta ba.

*

Unguwa ta sami wanda za ta zaga. Yara da wayoyinsu, an ce, sun mayar da ran mutane wasa. Shugaban matasan ya duba ya ga wadda ta sa koren, ya tambaye ta dalili a gaban kowa.

"Kuskurena ne," in ji Auta. Suka cire ta daga aikin taswirar.

A gida tana gaishe shi yadda ta saba, ta durƙusa, ta aje abinci, ta tashi. Ya so ta yi masa rashin kunya ko sau ɗaya, ya sami abin kamawa. Ba ta yi ba.

Da aka sallamo tsohuwar daga asibiti, Tela ya shigo rumfa da tsofaffin ƙarafunan gado a kafaɗa.

"Yaya, abin dogarawa za ka haɗa wa Inna. Likita ya ce ƙafar sai a hankali." Ya zauna a kan benci. "Kuma kar ka matsa wa yarinyar nan, kuskure ne. Ba don kai ba da yanzu wani zancen ake. Inna kullum sai ta sa maka albarka."

Mai walda ya buɗe baki. Gaskiyar zai faɗa, sai ya juya ga ƙarafunan.

"Tsayinta fa?" ya ce.

Tela ya miƙe, ya aza tafin hannu a ƙugunsa. Mai walda ya ɗauki alli ya ja layi a jikin ƙarfen, layin ya kauce. Ya shafe da yawu, ya sake ja.