Muryar Zuwaira da Ƙoƙon Kunu

"Mutum nawa sunka ji saƙon nan, Kaka?"

"Na ce maka ban ƙirga ba."

"To ƙirga yanzu, ina tsaye."

Maniru ke nan, mijin jikata Zuwaira, tsaye a tsakar gidana nan Bodinga, ko takalmi bai cire ba. Da na kasa ƙirgawa shi ya ƙirga mini: Atika mai ƙosai, matan gidan Ladan su huɗu, da wata mai tallan albasa daga Danchadi, wadda ita ta kai labarin har kunnen uwarsa a Shagari.

Ga yadda abin ya faru. Zuwaira ungozoma ce ta asibiti, ni na riƙe ta tun tana rarrafe. Bana anka ɗauke ta aikin sa-kai a Uganda, shekara biyu. Ta yaye ɗiyarta Altine ana saura mako guda ta tashi, ta kawo mini ita yaye. Maniru ya yarda da tafiyar, uwarsa ba ta yarda ba.

Kwana uku da saukarta saƙon murya ya shigo wayata. Farkonsa dariya ce. Wai ƙasar kore shar, duk tuddai, ruwa na zuba ba damina ba rani. Wai ayaba ɗanya suke dafawa su tuƙa, su ce tuwo ne. Ta gaida wani tsoho, ta tambayi iyali da gajiya da sanyi, ya tsaya yana kallonta, ba wanda ke jin wani a cikinsu. Daga nan muryar ta karye. Ta ce ranar farko a asibitinsu sunka miƙa mata jinjiri, nononta ya kawo har ya jiƙa farar rigar aiki a gaban mutane. "Kaka, ban iyawa. Ina son gida. Don Allah kada kowa ya ji."

Ban musu, zancen tuwon ayaba ya yi mini daɗi, kuma labari ba ya kwana a bakina. Amma wallahi ba don shi na riƙa kunna saƙon ba. Altine ta yi kwana uku tana ture kunu, idanu sun faɗa, wuya ya yi siriri. Ina kunna saƙon ta bar kuka, ta kama wayar da hannu biyu tana leƙa bayanta. Na kai mata ludayi, ta haɗiye. Na sake kunnawa, ta sake haɗiyewa. Saƙon minti huɗu ne, rabin ƙoƙo ke nan. Safe, rana, la'asar, haka muke yi. Katangata kuwa gajera ce, kuma kunnena ya yi nauyi, sai na ƙure ƙarar.

"Inna ta ce matata na kuka a bakin duniya, ana dariya wurin ƙosai," in ji Maniru. "Ta ce in kawo ɗiyar Shagari yau."

"Ba ta ci sai da muryar uwarta."

"Kaka, ke ce kinka ce limamin unguwa ya faɗa rijiya."

"Ai ƙafarsa ta zame kusa da ita."

"Kinka ce an yi mini ƙarin girma, mutane sunka cika gidana."

"Fata nagari na yi maka, mijina. Zauna ka gani da idonka, ƙoƙo ɗaya kawai."

Ya tsaya. Na jawo kunu, na ɗora Altine a cinya, na danna saƙon. Da ma daga farko ya tashi, wurin ayaba. Sai ya ci gaba daga inda munka tsaya da safe: Zuwaira na shessheƙa, tana cewa kada kowa ya ji. A daidai nan kan Atika ya ɓullo ta saman katanga, wai aron rariya.

Yarinyar ta buɗe baki, amma shi Maniru, Atika yake kallo. Ya sunkuya ya ɗauke ta daga cinyata, kunun ya zube a zanena.

"Na roƙe ka don Allah, Maniru. In ka tafi da ita, tafi da wayar. Na bar maka. Ka kunna mata a ɗaki, a hankali, ba wanda zai ji."

"In kunna kukan matata a gidan uwata?"

"To mi zan ce wa Zuwaira in ta kira? Ita da ke jiran ta ji ɗiyarta ta ci?"

"Ki faɗa mata abin da kinka faɗa wa Bodinga."

Na bi shi har zaure, wayar a hannuna tana ta magana, Altine na miƙo hannu ta saman kafaɗarsa. Na tura masa wayar a aljihu, ya ciro ya ajiye a kan dakali. Ya fita, ya bugo ƙyauren langa-langa har sakatar ta faɗi ƙasa.