Tamfol a Kan Motar Dallatu

Ƙwan zabin da ke cikin injin ƙyanƙyasarmu sun yi rabin kwanakinsu lokacin da mijina Dallatu ya faɗi a tashar Tsanyawa. Ranar kasuwa ce. Ya gama lodin fasinja, ya ce kansa na sara masa, ya zauna a kan benci, shi ke nan. Wani abokin aikinsa ne ya tuƙo bas ɗin ya ajiye ta a ƙofar gida, ya miƙa wa yayansa Abdulkabir makulli. Ni kuwa aka shimfiɗa mini tabarma a ɗaka, na shiga takaba.

Mata suna shigowa suna fita, suna ce mini, "Sauda, sai haƙuri," ina cewa na gode. Ba na jin komai. Idan an ajiye tuwo in ci, idan an ɗauke kwano in bi shi da ido. Abu ɗaya nake yi ba sai an ce in yi ba, shi ne in tashi in juya ƙwan nan, safe da rana da yamma.

Dallatu ɗan ƙarambani ne, Allah ya jiƙansa. Duk abin da ya gani a wayar wani sai ya taɓa shi da hannunsa. Bara ya dawo daga Kano da wani baƙin abu mai laushi kamar tabarmar roba, wai sola ce. Na ce solar da na sani faranti ce mai gilashi, wannan kuwa ko shanyar kuɓewa ba za ta yi ba. Ya yi dariya, ya wanke rufin motar da omo, ya ɓare takardar bayan abin, ya manna shi, yana bi da tafin hannu har ya kwanta luf. Rufin ɗakinmu na ƙasa ne, gam ba ya kama shi, shi ya sa motar ta ci gadon abin. Ya ce ko ɓarawo ya zo, sai dai ya yaga, ba dai ya ɓamɓare ba. Tun daga ranar ya hana a ɗora ko buhun barkono a saman motar, fasinja suna mita yana yi musu kunnen uwar shegu.

Batir biyu ya haɗa. Ɗaya yana ƙarƙashin kujerar direba yana shan wuta duk yini, ɗaya yana ɗakina yana ciyar da injin ƙyanƙyasa. Da magariba sai ya shigo da mai ƙarfin a kafaɗa, ya fita da wanda ya gaji. Ƙwan kuma shi ya sayo su a kasuwar Kunci da damina ta kankama, ya zauna ya yi wa kowane ɗigo da biro a gefe guda, don in san wanda na juya. Idan injin ya huce, abin da ke cikin ƙwan ya mutu. Wannan kaɗai ya nanata mini har na haddace.

Bayan rasuwar, Yaya Abdulkabir ya ɗauki aikin batir. Manomi ne, ba ruwansa da waya ja da baƙa, amma na nuna masa sau ɗaya ya riƙe. Yakan yi sallama, in koma bayan labule, ya sauya ya fita.

Bayan sadakar bakwai, wata safiya na ga jar fitilar injin tana ƙyaftawa. Na sa hannu a ciki. Da ɗumi, amma ba irin wanda na sani ba. Na yafa mayafi na je zaure, na leƙa ta tsagar ƙofa. Motar tana nan inda take, sai dai an lulluɓe ta da shuɗin tamfol tun daga gilashi har taya, an ɗaure da igiyar rijiya. Wanda ya yi ɗaurin ya iya, ko iskar hadari ba za ta ɗaga shi ba.

Na jira Yaya ya dawo daga gona. Ya tsaya a bakin ƙofa, ina bayan labule.

"Yaya, batirin jiya bai cika ba."

"To? Ai kuwa yini ya yi a motar."

"An rufe motar."

"Ni na rufe ta, shekaranjiya. Amma ki kwantar da hankalinki, na sa hannu a ƙarƙashin tamfol ɗin, zafin da ke wurin ya fi na madafa. Abin yana shan zafinsa."

"Ba zafi yake sha ba, Yaya. Haske yake sha."

Ina ganin ƙafafunsa ta ƙasan labule, duk taɓo. Na zaci zai ce bari ya je ya kwance, amma ƙafafun ba su motsa ba.

"Sauda, saboda Inna na rufe," in ji shi, murya ƙasa ƙasa. "Kullum da ta idar da asuba sai ta fita ta tsaya a gaban motar nan. Ba ta magana, ba ta kuka, tsayuwa kawai, har rana ta ɗaga. Maƙwabta sun fara yi mini magana. Tun da na rufe ba ta sake fita ba. Autanta ne, kin sani."

Na sani. Inna Maimunat ce ta haife su duka biyun, kuma ɗakinta yana kallon nawa, tsakar gida ce kawai tsakaninmu.

"A kai motar bayan gida mana," na ce.

"Ina hanya? Gero ya zo har jikin katanga. Kuma kayan gado ce yanzu, Malam ya ce kada a tayar da ita sai an yi rabo."

Na ce to. Me zan ce? In ce wa mutum ya buɗe wa tsohuwa ciwonta saboda ƙwai? Da a wata shekarar ce da na san yadda zan yi da bakina, don ba a san ni da shiru ba. Amma ranar ko fushin ma na nema ban same shi ba.

Ya yi ƙoƙari, ba zan ɗauki alhakinsa ba. Ya ɗaure batirin da ke motar a bayan babur ya kai Tsanyawa. Ya dawo da la'asar ya ce mai cajin waya ya ce kayansa ba za su ja ba, mai gyaran batir kuma ya ce babu wuta tun shekaranjiya, a bari a gani zuwa gobe. Kafin magariba fitilar ta mutu, ƙarar injin ta ɗauke. Sai a lokacin na gane ashe ƙarar nan ce take cika mini ɗakin.

Na dafa ruwa na ɗura a robobi, na jera su a cikin injin, na rufe da bargon Dallatu. Idan sun huce in sake dafawa. Ƙanwata da ta zo taya ni zama ta ce, "Yaya, ƙwai ne fa." Na ce na sani. Ta koma gida washegari, don tana da goyo.

Da hantsi na ɗauki ƙwai ɗaya na kara a kunne. Na ji ƙwas, ƙwas, a hankali, kamar ana taɓa ƙofa da farce. Na mayar da shi na rufe. Na zauna ina kallon ɗakin Inna. Tana bakin ƙofarta tana tsinke rama, kanta a sunkuye. Taku kaɗan ne tsakaninmu. Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa roƙonta komai ba, ban taɓa ambaton sunan ɗanta a gabanta ba, kuma ba ranar zan fara ba. Na tashi na sake hura wuta.

Wutar Tsanyawa ba ta dawo ba. Itacen da ke gidan ya jiƙe da ruwan sama, sai hayaƙi, ruwan robobin yana yin ɗumi da ƙyar. Haka aka sake kwana.

Da gari ya waye, rana ta fito fes bayan ruwa, irin wadda Dallatu yake fitowa ya kalli rufin motarsa yana murmushi. Na tsaya a tsakar gida da roba a hannu, rana tana dukan bayana a banza. Sai kawai na ga ƙafata ta kai ni ƙofar Inna. Na durƙusa.

"Inna, ina kwana."

"Lafiya lau, 'yar nan. Ya haƙuri?"

"Da godiya." Sannan na faɗa mata komai, kaina a ƙasa: batir, haske, tamfol, ƙwai. Na ce, "Na san ganin motar yana tayar miki da hankali, shi ya sa Yaya ya rufe. Yini ɗaya kawai nake roƙo."

Ta ajiye carbinta a cinya.

"Wa ya ce yana tayar mini da hankali?"

Kafin in buɗe baki ta ci gaba.

"Ni da aka sa wa yaron nan likkafanina na Makka, da hannuna na ciro shi daga akwati. Mota ce za ta tsorata ni? Ina fita ne in gan ta, don ita ta rage." Ta dube ni sosai, abin da ba ta saba yi ba. "Da na ga an rufe, na ɗauka ke kika ce a rufe. Na ce yarinya ce, abin ya yi mata yawa, sai na haƙura na zauna."

Ta miƙe da ƙyar, ta ja mayafi, ta nufi zaure. Ɗan farinta ne Yaya, ba ta kiran sunansa, sai na ji ta ɗaga murya, "Kai! Zo ka kwance mini wannan abin." Na ji ƙarar tamfol yana faɗuwa ƙasa. Na ji tana cewa ya hau ya goge saman da tsumma, ya goge da kyau, kamar yadda mai ita yake yi.

Da ta dawo ba ta shiga ɗakinta ba, ta shigo nawa. Rabonta da ɗakin tun ina amarya. Ta zauna a ƙasa kusa da injin ta ce in buɗe. Na ɗaga bargon. Robobin sun yi sanyi, ƙwan ma haka.

"Miƙo mini ƙwarya," in ji ta.

Ta ɗauki ƙwai ɗaya, ta goge shi da gefen zaninta, ta kara a kunnenta mai ji. Ta daɗe a haka, idonta a rufe. Ta sa shi a ƙwarya, ta ɗauki na gaba. Ina zaune a gefenta, hannuwana a cinya. A waje ina jin takun Yaya a saman motar yana ta goga.

Ɗaya bayan ɗaya ta bi su duka, babu ko guda da ta ware gefe ta ce yana motsi. Da ta ajiye na ƙarshe, ta kalli injin babu komai a ciki, ta kalli ƙwaryar. Sai ta sa hannu ta ɗauko na farko, ta sake kara shi a kunne.